Rububin kama wuri a sararin samaniya

Ranar 23 ga Agustan 1963, Shugaban Amurka John Kennedy ya ɗaga waya a Washington, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya amsa daga Legas. Muryoyinsu ba ta wayar ƙarƙashin teku suka bi ba. Sama suka hau, suka ratsa ta wani ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna Syncom 2 da aka harba wata guda kafin nan, sannan suka sauko ta wani jirgin ruwan Amurka, Kingsport, da ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Legas. Ita ce hira ta farko da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi ta tauraron ɗan'adam. Shekara ɗaya da rabi kafin wannan, lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a Fabrairun 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bin sawun kumbonsa daga ƙasa a Kano take.

A wancan zamani, in aka harba roka ɗaya sai a yi mako ana labarinta a rediyo. Yanzu ana harba biyar ko shida a mako, ba mai ɗaga kai. A 2024 an yi yunƙurin kaiwa falaki kusan sau 260, a 2025 adadin ya haura 300. Kamfani ɗaya tak, SpaceX na Elon Musk, ya harba rokokinsa samfurin Falcon sau 134 a 2024, wato fiye da rabin abin da duniya gaba ɗaya ta harba. Ƙasar Sin da ke biye masa ta harba sau 68.

Duk wanda ya ɗauki jadawalin harbe-harben da ke tafe, idonsa zai fara sauka ne kan manyan labarai, wato masu shirin komawa duniyar wata, da na'urorin da za a aika Mars, da sababbin tashoshin 'yan sama-jannati. Amma in ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, zai ga waɗannan tsiraru ne. Abin da ya cika jadawalin sunaye uku ne ko huɗu da ke ta maimaituwa: Starlink, Starlink, Amazon, Guowang, Starlink kuma. A ganina jadawalin nan takardar rabon fili ce. Ana raba wani yanki na sama da ke dab da duniya, ana raba shi cikin gaggawa, kuma ƙa'idar rabon ita ce wanda ya riga zuwa ya kafa turke.

Da yawanmu muna ɗauka aikin roka shi ne hawa sama. Hawan shi ne ƙaramin aikin. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa kilomita 400 ne kacal tsakaninta da ƙasa, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Abuja. Babban aikin shi ne gudu a kwance. Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma tauraron ɗan'adam bai karya wannan magana ba, domin shi ma faɗowa yake yi kowace daƙiƙa. Sai dai an jefa shi da gudun kilomita 28,000 a awa, to yana faɗowa doron duniya yana lanƙwashewa yana kauce masa, da yake duniya ƙwallo ce. Sai ya yi ta faɗowa ba ya isowa. Wannan hanya da yake bi ita ce falaki. Da irin wannan gudu, Kano zuwa Legas ba ta cika minti biyu.

Samun wannan gudu kuwa shi ke cinye dukiya. Rokar Falcon 9 tsawonta mita 70, nauyinta a cike kusan tan 550, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin mai ne da iskar oksijin da aka sanyaya ta koma ruwa. Kayan da take iya kaiwa falakin kusa tan 17 ne zuwa 22. Shekaru kusan sittin ana harba roka sau ɗaya, gangar jikinta ta faɗa teku ko ta ƙone. Ka ɗauka mutum ya sayi sabuwar tirela, ya kai kaya Legas sau ɗaya, ya cinna mata wuta, ya dawo ya sayi wata. Amurka ta gwada kumbo mai fukafukai da ke sauka kamar jirgin sama, amma gyaransa bayan kowace tafiya ya yi tsada har kai kilo ɗaya na kaya ya tasam ma dala 54,000.

A Disambar 2015 lissafin ya sauya. Gindin wata Falcon 9, wanda shi ne ke ɗauke da injuna tara kuma ya fi komai tsada, ya rabu da sauran jikin, ya juyo, ya sauka a tsaye a Cape Canaveral. A Maris na 2017 aka sake harba wanda ya taɓa tafiya ya dawo. Kafin ƙarshen 2025 an sami gindin roka ɗaya da ya yi sawu 30. Kuɗin kai kilo ɗaya ya faɗo ƙasa da dala 3,000. Duk wani abu da ke cikin jadawalin yau, daga wannan saukar ya samo asali.

Da kuɗin ya sauka, sai tunanin masu harkar sadarwa ya sauya. A da, tauraron sadarwa nesa ake kai shi, kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisa zagayensa ɗaya awa 24 ne, daidai da juyawar duniya, don haka mai kallo daga ƙasa yana ganinsa a wuri guda kullum. Dalilin da ya sa ke nan mai saita dish yake ɗaure shi sau ɗaya ya tafi abinsa. Uku daga irin waɗannan sun isa su rufe kusan duniya duka. Matsalarsu nisa, don saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Ga talabijin ba komai, amma ga intanet jinkiri ne da ake ji a jika. Taurarin Starlink na SpaceX kuwa a kilomita 550 ko ƙasa da haka suke, saƙo na zuwa nan take. Sai dai kowanne cikin 'yan mintoci yake wucewa ta saman kanka, don haka dole wani ya biyo bayansa, wani kuma ya biyo bayan wancan. Abin da uku ke yi a can nesa, a nan kusa sai dubbai.

An harba sittin na farko a Mayun 2019. A Oktoban 2025 adadin da aka harba ya wuce 10,000, kuma kusan biyu cikin kowane uku na taurarin da ke aiki a sama na wannan kamfani ne. Akwai wani lissafi da ba a cika kawowa ba, alhali shi ne ya fi bayyana abin da ke tafe. A wannan ɗan nisa akwai sauran iska kaɗan da ke jan tauraro ƙasa, kuma an ƙera su ne su yi kimanin shekara biyar. In kana da 10,000 masu rayuwar shekara biyar, to kowace shekara sai ka maye 2,000 kafin ma ka ƙara ko ɗaya. Ke nan yawan harbe-harben nan ba guguwa ba ce da za ta lafa bayan an gama gini. Aiki ne na kullum, kamar jigilar mai.

Su ma sauran ba su zauna ba. Amazon ya sami lasisin taurari 3,236 daga hukumar sadarwar Amurka, da sharaɗin ya kai rabinsu sama kafin ƙarshen Yulin 2026, sauran kuma kafin Yulin 2029. A 2022 ya yi cinikin harbi har 83 a lokaci guda daga kamfanoni uku, amma rokokin da ke cikin cinikin duk sababbi ne da suka makara, rukunin farko mai taurari 27 kuma bai tashi ba sai Afrilun 2025. Sai da ta kai ya biya abokin hamayyarsa SpaceX ya ɗaukar masa wasu. Sin tana da shiri biyu: Guowang na gwamnatin tsakiya mai kimanin 13,000, da Qianfan na birnin Shanghai mai kusan 15,000, dukansu sun fara tashi a 2024. Tarayyar Turai ta rattaba hannu a Disambar 2024 kan nata shirin, IRIS², mai taurari kusan 290 a kan Yuro biliyan 10.6. OneWeb, wanda yanzu ke hannun Eutelsat na Faransa, yana da sama da 600 a kilomita 1,200.

Labarin OneWeb ya nuna dalilin da ya sa kowa ke son rokarsa ta kansa. A Maris na 2022 taurarinsa 36 suna kan rokar Soyuz a Baikonur, saura kwanaki a harba, yaƙin Yukren ya sa Rasha ta gindaya sharuɗɗan da ba za su karɓu ba, aka sauke su. Kamfanin ya koma neman taimakon SpaceX da Indiya. Turai ma ta ɗanɗana kuɗarta. Tsohuwar rokarta Ariane 5 ta yi tafiyar ƙarshe a Yulin 2023, magajiyarta Ariane 6 da aka yi alkawari tun 2020 ba ta tashi daga Kourou ba sai 9 ga Yulin 2024. A cikin wannan hali, nahiyar da ta daɗe tana alfahari da harba wa duniya taurari ta koma hayar rokar Amurka don kai na'urarta mai hangen nesa, Euclid.

A nan ina ba mai karatu shawara kan yadda ake karanta irin wannan jadawali. Kada ka riƙe ranar da aka rubuta da hannu biyu. Su kansu masu harkar ba sa cewa ranar kaza za a harba, cewa suke ba za a harba kafin ranar kaza ba. Na'urar James Webb mai hangen nesa an fara maganar harba ta a 2007, ba ta tashi ba sai ranar Kirsimetin 2021. Rokar farko ta shirin Artemis na komawa duniyar wata an kai ta dandali a Agustan 2022, matsalar injin ta tsayar da ita, yoyon iskar haidurojin ya sake tsayar da ita, mahaukaciyar guguwa ta sa aka mayar da ita ɗaki, sai 16 ga Nuwamba ta tashi. Wani lokacin iska ce mai ƙarfi a can sama, wani lokacin gajimare mai ɗauke da tsawa, wani lokacin kwale-kwale ne ya shiga yankin tekun da aka killace. Mai zuwa tashar sararin samaniya kuma dole ya tashi a daidai daƙiƙar da hanyar tashar ta ratsa ta saman dandalin, in ya kuskure sai gobe. Ɗage harbi ba abin kunya ba ne a wannan sana'a, sau da yawa ma alama ce ta cewa akwai mai hankali a ɗakin da ake ba da umarni.

Rokokin da za su fi sauya jadawalin shekarun nan su ne manya masu dawowa. New Glenn ta kamfanin Blue Origin, mallakar Jeff Bezos, ta kai falaki a tafiyarta ta farko a Janairun 2025, a ta biyu kuma, cikin Nuwamba, gindinta ya sauka lafiya a kan jirgin ruwa. A Sin, kamfanin LandSpace ya gwada Zhuque-3 a Disambar 2025, ta kai falaki amma saukar ba ta yi ba. Rocket Lab, da ya yi suna da ƙaramar rokar Electron da yake harbawa daga New Zealand, yana gina babba mai suna Neutron. Sai kuma uwa-uba Starship, wadda tsawonta ya haura mita 120, gindinta ke ɗauke da injuna 33, kuma ba a taɓa gina mai ƙarfinta ba. Gwajin farko a Afrilun 2023 ya ƙare da fashewa bayan minti huɗu. A Oktoban 2024 gindinta ya dawo, hannuwan ƙarfe biyu na hasumiyar da ya tashi daga ita suka cafe shi a iska. A farkon 2025 kuma sashenta na sama ya tarwatse sau biyu a saman tsibiran Karibiyan, har aka karkatar da jiragen fasinja. Burin masu ita ta riƙa kai tan 100 ko fiye a sawu ɗaya. Ranar da hakan ya tabbata, adadin da muke mamaki yau zai zama ƙarami.

To wa ya ba su filin? Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce babu ƙasar da za ta mallaki wani yanki na sama, na kowa ne. Amma tauraron da ba ya magana da ƙasa ƙarfe ne kawai, kuma zangon rediyon da yake magana da shi iyakantacce ne. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Geneva, ita ke rajistar waɗannan zanguna, kuma a mafi yawansu wanda ya fara shigar da takarda shi ke da fifiko, na baya ne zai nemi yadda ba zai yi masa katsalandan ba. Ƙasashe matalauta sun hango wannan tun da wuri. A 1976 wasu ƙasashen da layin tsakiyar duniya ya ratsa, ciki har da Kenya da Uganda da Kwango da Zayar, suka taru a Bogota suka ce yankin falakin nesa da ke saman ƙasashensu nasu ne. Manyan ƙasashe ba su saurare su ba, amma ƙorafin bai tafi a banza ba, don daga baya an ware wa kowace ƙasa gurbi a wasu zanguna na falakin nesa.

A falakin kusa babu irin wannan tanadi. Shi ya sa ake ta rige-rigen shigar da takardu, har a 2021 Ruwanda ta shigar da buƙatar taurari sama da 300,000 a madadin wani kamfani mai zaman kansa. Don rage masu kama wuri da takarda kawai, taron ITU na 2019 a Sharm el-Sheikh ya kafa wa'adi: bayan shekara bakwai na farko, a kai kashi 10 cikin 100 cikin shekara biyu, rabi cikin biyar, duka cikin bakwai, in ba haka ba a rage maka rabonka. Niyyar mai kyau ce, amma ita ma ta ƙara wa gaggawar wuta, domin yanzu kowa na tsere da agogo. Kuma ITU zangon rediyo kawai take rabawa. Tsayin da tauraro zai zauna, da wanda zai kauce in biyu suka nufo juna, babu wata hukuma a duniya da ke da ikon yanke wannan. A Satumbar 2019 hukumar sararin samaniya ta Turai ta janye tauraronta Aeolus daga hanyar wani Starlink, bayan an yi ta ƙoƙarin daidaitawa ta saƙon imel. A Disambar 2021 Sin ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya cewa sau biyu tasharta Tiangong, da mutane a ciki, tana kauce wa taurarin kamfanin. Shi kansa SpaceX ya bayyana cewa cikin wata shida, daga Disambar 2023 zuwa Mayun 2024, taurarinsa sun yi kauciya kusan sau 50,000. Hanya ce mai cunkoso, ba danja, ba ɗan sanda.

Abin da ya fi damuna shi ne tarkace. Tauraro mai rai yana iya kaucewa, matacce ba ya iya komai. Ranar 10 ga Fabrairun 2009 wani tauraron Iridium mai aiki ya yi karo da mataccen tauraron Rasha, Kosmos 2251, a saman Saiberiya, suka zama gutsattsari kusan dubu biyu. Wasu kuma da gangan aka yi su. A Janairun 2007 Sin ta harbo tsohon tauraronta na yanayi da makami mai linzami, ta bar gutsattsari sama da 3,000 da da yawansu ke yawo har yau. Rasha ta yi irin haka a Nuwambar 2021, har 'yan sama-jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa, ciki har da 'yan Rashar, suka fake a kumbunansu. A Agustan 2024 sashen sama na rokar da ta kai rukunin farko na Qianfan ya tarwatse ya zama ɗaruruwan gutsattsari. A irin gudun da ake yi a can, ƙusa guda ta isa ta kashe tauraron miliyoyin daloli. A Nuwambar 2025 aka ga tsagewa a tagar kumbon Shenzhou-20 da ke maƙale da Tiangong, ana kyautata zaton ɗan tarkace ne ya buge ta, dole mutum uku suka dawo gida a wani kumbon daban. Tun 1978 wani masanin NASA, Donald Kessler, ya yi gargaɗin cewa in cunkoso ya kai wani matsayi, karo ɗaya zai haifi gutsattsarin da za su haifi wani karon, har wani yankin falaki ya gagari kowa. Ba a kai nan ba tukuna. Amma ranar da aka kai, wanda bai taɓa harba komai ba shi ma ya rasa rabonsa.

Jifan kuma yana faɗowa. A Mayun 2020 gutsattsarin rokar Sin, Long March 5B, suka faɗa ƙauyuka a Kodebuwa. Ranar 30 ga Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku da ke gundumar Makueni a Kenya. Akwai yarjejeniyar 1972 da ta ɗora biyan diyya kan ƙasar da ta harba, amma ƙasa ce ke bin ƙasa, manomi ba shi da inda zai kai kuka kai tsaye. Fitaccen misali shi ne na 1978, lokacin da tauraron Sobiyet mai injin nukiliya, Kosmos 954, ya watse a arewacin Kanada, daga baya Mosko ta biya dalar Kanada miliyan 3. Waɗanda ke ƙonewa ƙurmus ma ba su ɓace ba, domin a 2023 masu binciken hukumar NOAA ta Amurka sun gano ɓurɓushin ƙarafan rokoki da taurari a cikin ƙurar da ke can saman iska. Masu nazarin taurari na gaske su ma suna kuka, don hotunan da na'urorinsu ke ɗauka suna fitowa da zane-zanen haske.

Ba ina cewa duk wannan sharri ba ne. Ɗan makarantar da ke ƙauyen da ba a taɓa kai masa wayar intanet ba, ko asibitin da ke bayan gari, amfanin da suke samu na gaske ne. Kuma a cikin jadawalin akwai layuka 'yan kaɗan da suka fi dubban nan muhimmanci ga mai noma da mai kiwo. Turai ta fara harba sabon jerin taurarin yanayi na Meteosat a Disambar 2022, wasu na biye. Daga falakin nesa suke kallon Afirka gaba ɗayanta, suna aiko da hoto kowane minti goma, kuma a karon farko suna ɗauke da na'urar da ke ganin walƙiya, abin da ke taimakawa a gane hadarin da zai zo da ɓarna tun yana haɗuwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel, da irin waɗannan hotuna take bin damina da makiyaya da fara. A Yulin 2025 Indiya da Amurka suka harba NISAR, mai na'urar rada da ke ratsa gajimare, yana auna kusan dukkan doron ƙasa kowane kwana 12, ya ga danshin gona da ambaliya da zaizayar ƙasa. Bayanansa kyauta ne, haka ma na taurarin Sentinel na Turai.

Faɗuwar farashi ta buɗe wa ƙananan ƙasashe ƙofa ita ma. Yanzu ana haɗa kaya kamar motar haya: a Janairun 2021 Falcon 9 ɗaya ta ɗauki taurari 143 na masu su daban-daban. Ta irin wannan hanya Kenya ta kai Taifa-1 a 2023, Senegal ta kai nata na farko a Agustan 2024. Ƙasashen Afirka sun mallaki taurari sama da 60 zuwa yanzu, amma ko ɗaya bai tashi daga ƙasar Afirka a kan rokar Afirka ba. Abin lura kuwa, an taɓa harbawa daga nahiyar. Faransa ta kai tauraronta na farko sama a 1965 daga Hammaguir a hamadar Aljeriya, Italiya kuma ta yi shekaru tana harbawa daga wani dandali a teku kusa da Malindi a Kenya, saboda kusa da tsakiyar duniya juyawar ƙasa na ƙara wa roka gudu kyauta.

Najeriya ta shiga harkar da wuri. An kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha a Satumbar 2003. NigComSat-1 da Sin ta ƙera ya tashi a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar faifan hasken ranarsa, aka maye shi da NigComSat-1R a Disambar 2011, wanda aka ƙera don ya yi shekara 15. A Agustan 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun injiniyoyin Najeriya ne suka haɗa shi a Surrey ta Ingila. Daga nan sai tafiyar ta yi sanyi, a daidai shekarun da duniya ta ƙara wuta. A Janairun 2023 Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, Ghana ta biyo a 2024, Nijar a 2025. A Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da kusan ninka kuɗin wata a Najeriya, hukumar sadarwa ta NCC ta ce ba da izininta ba, aka dakatar na wani lokaci. Wannan kan kuɗi ne kawai. Musk da bakinsa ya amsa cewa a 2022 ya ƙi buɗe wa sojojin Yukren layin a kusa da Kirimiya. Ko mutum ya yarda da dalilinsa ko bai yarda ba, ya kamata duk gwamnatin da ke shirin ɗora asibitocinta da bankunanta da tsaronta kan layin da makunninsa ke hannun mutum ɗaya a wata nahiya ta tsaya ta yi tunani.

Ban ga hikimar mu ce sai mun ƙera roka yanzu ba. Kuɗin da za a zuba a wannan zai horar da ɗaruruwan matasa a jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri da Yamai su iya karanta hotunan da ake ba mu kyauta, su mayar da su bayanin da manomin gero zai ji a rediyo kafin ya yi shuka. Hotunan suna nan jibge, masu fassara su ne suka yi ƙaranci. Haka kuma gurbin da ƙasa ta yi rajista a falakin nesa ba gado ba ne, in tauraro ya mutu aka daɗe ba a maye shi ba, ana iya rasa shi. Sannan lasisin da ake ba kamfanonin waje ya kamata ya zo da sharuɗɗan da aka karanta da idon basira: a ina tashoshin ƙasa za su kasance, wa ke da ikon kashe layi, me za a yi in tarkace ya faɗo kan gidan wani.

Sauran maganar a teburin shawara take. An buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira a Afrilun 2025, kuma babban taron ITU na gaba kan rabon zangon rediyo za a yi shi ne a Shanghai a 2027, inda batun taurarin ɗan'adam ya mamaye ajanda. A wannan zaure ƙuri'ar Nijar ɗaya ce da ta Amurka, kuma Afirka na da sama da ƙuri'a 50. Ina kira ga ma'aikatun sadarwa na Abuja da Yamai da Accra da Njamena su tura injiniyoyi da lauyoyin da suka san takardun nan ciki da waje, su tafi da matsaya ɗaya kan ware wa ƙasashen da ba su shirya ba gurbi a falakin kusa, da tilasta wa kowa sauko da mataccen tauraronsa. 'Yan majalisa da 'yan jarida kuma su fara tambaya tun yanzu, su wa za a tura, kuma da wace magana za su tafi.